Kafin ka kashe kuɗin adashi a kan "Core i7": amsa ga mai ɗaukar bidiyon biki daga Jega

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni matashi ne a Jega, sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki, suna, walimar sauka da taruka. Kyamarata Canon 80D ce, wani lokaci ina aron Sony a6400 ta abokina in ɗauki 4K. Tsohuwar laftof ɗina ta gaji, da na ɗora bidiyo sai ta sanƙare, aikin kwana uku ya kai ni mako uku. Yanzu haka akwai bikin da ban miƙa ba, har uwar amarya ta aiko gidanmu. Na kwashi adashi, yayana ya cika mini, ina da naira dubu 600. Wani mai shago ya nuna mini laftof Core i7, na kwafo lambar: i7-7500U, RAM 8GB, ma'aji 1TB, kuma za ta cinye kusan duka kuɗin. Abokina kuma ya ce in haɗa ta tebur da katin hoto RX 580. A shagona inbata ce ƙarama da batir ɗaya mai 200Ah, sai ɗan janareta. Ina tsoron yin asarar kuɗin da ba nawa ne ni kaɗai ba. Me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ka kyauta da ka kwafo lambar nan, domin ita kaɗai ta isa in ce maka ka bar wannan laftof inda ka gan ta.

"Core i7" sunan gida ne na firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamar a ce maka mutum ɗan sarauta ne, ba a gaya maka ko jariri ne ko tsoho mai dogara sanda ba. Abin dubawa shi ne lambobin da ke biye da sunan. Bakwai ɗin farko a 7500U tana nufin zubi na bakwai, wanda ya fito a 2016. Harafin U na ƙarshe kuma alama ce ta firosesar da aka ƙera don ta ci wuta kaɗan, wat 15, saboda aikin ofis da doguwar rayuwar batir. Kawunan aiki biyu kacal ke cikinta. Ɗauki i5-8500 ta kwamfutar tebur, wadda a baki za a ce maka "ai i5 ce kawai": kawuna shida gare ta. Tace bidiyo kuwa kamar yankan shinkafa ne a fadama, yawan hannu ke gama shi. Sannan 1TB ɗin da aka faɗa maka a irin wannan laftof kusan kullum faifai ne mai juyawa, HDD, wanda da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, wato wataƙila irin ciwon da ke damun tsohuwar laftof ɗinka. Ƙari a kan haka, Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan firosesar ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. A Intel jerin daga zubi na takwas ya kankama. Saboda haka duk abin da za ka saya, kada ya gaza zubi na takwas.

Shawarar abokinka ta fi ta mai shago kusa da gaskiya, amma ya fara gini daga rufi. Kafin a yi maganar kati, abu biyu ne ke yanke hukunci: irin fayilolin da kyamarorinka ke fitarwa, da irin wutar da ke shagonka.

Mu fara da fayiloli. Canon 80D ba ta wuce 1080p, kuma da tsarin matse bidiyo na H.264 take ajiyewa. In ka ɗauka a firem 50 a MP4, tana cin kusan megabit 60 a daƙiƙa, wato wajen 27GB a awa guda. Sony ɗin abokinka a 4K tana kaiwa megabit 100, 45GB ke nan a awa. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoto kafin gyara, na megafiksel 24 yana kai 25 zuwa 30MB. Yanzu lissafa biki guda, daga kamu zuwa ɗaurin aure, dina da kai amarya: awa biyar na Canon 135GB, awa biyu na Sony 90GB, hoto 1,500 wajen 40GB. Ka haura 260GB tun ba ka yanka ko firem ɗaya ba. Shi ya sa duk wanda ya ce maka SSD, wato ma'aji mai sauri marar faifai mai juyawa, mai 256GB ta isa, bai taɓa raka amarya da kyamara a kafaɗa ba.

H.264 yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani. Ba kowane firem ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye ɗaya cikakke, na bayansa kuma bambancinsu kawai ake rubutawa. Duk sanda ka ja layin aiki gaba ko baya, dole kwamfuta ta koma ta sake haɗo hoton daga guntaye, kuma wannan ne ke kawo sanƙarewar da kake gani. Intel ta saka wani ɓangare na musamman a cikin firosesocinta masu hoton ciki (masu fitar da hoto da kansu ba sai da kati ba), sunansa Quick Sync, wanda aikinsa kenan: warware H.264 da ƙanensa H.265 ba tare da gajiyar da kawunan aiki ba. Manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro na amfani da shi. Firosesar da lambarta ta ƙare da F, kamar i5-9400F ko i5-12400F, ba ta da hoton ciki, don haka ba ta da Quick Sync. Masu wasan gem ba su damu ba. Kai mai bidiyo, 'yar rarar kuɗin da F ke kawowa ba ta kai abin da za ka rasa ba.

Sai wuta, kuma a nan ne RX 580 ke faɗuwa. Batir ɗinka mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. In irin mai ruwa ne ko na gubar da aka saba, rabinsa kawai ya kamata ka riƙa sha in kana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata, sai ka tsira da wajen 1,000. RX 580 ita kaɗai tana jan wat 185 in aiki ya yi nauyi. Haɗa da firosesa, monita da sauran kaya, ka haura 300. Awa uku ke nan, kuma ban saka fankar da za ta hura ka a watan Afrilu ba. Kwamfutar da ke jan wat 200 gaba ɗaya kuwa za ta kai ka awa biyar. Akwai kuma wani abu: yawancin RX 580 da ke yawo a kasuwa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, har zuwa Satumba 2022 da Ethereum ta daina wannan tsari aka zubo su kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu da ƙwaƙwalwarsu sun gama yawo, kuma da ido ba ka rarrabewa.

To ga abin da nake ganin ya dace da kuɗinka. Ka nemi kwamfutar tebur ta ofis, ta hannu 'yar waje, mai i5-8500 ko i7-8700 in ta samu da sauƙi. Ta biyun kawuna shida ce ita ma, amma kowane kai yana jan zare biyu, wato aiki biyu a lokaci guda, tana ɗan fin sauri wajen fitar da aiki. Irin su Dell OptiPlex 5060 da 7060, HP EliteDesk 800 G4, ko Lenovo ThinkCentre M920. Kamfanoni ne suka yi aiki da su a ofisoshi masu sanyi, an ƙera su da ƙwari, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu. Amma ka lura da girman akwati, don kowace cikinsu tana zuwa kala uku: doguwa, siririya mai kwanciya, da 'yar mitsitsiya kamar littafi. Doguwar za ka saya. 'Yar mitsitsiyar galibi ba ta karɓar katin hoto, kuma firosesarta galibi mai harafin T ce, wadda aka rage wa ƙarfi. Siririyar sai kati gajere na musamman, mai wuyar samu da tsada.

Waɗannan akwatuna suna da aibi ɗaya da mai shago ba zai gaya maka ba. Fawafak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wuta a ciki, ƙarami ne, galibi bai wuce wat 260 ba, ba shi da wayar ƙarin wuta ta kati mai rami shida ko takwas, kuma bakinsa na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya cire shi ka saka na kasuwa kai tsaye. Don haka katin da zai shiga shi ne wanda ke ƙoshi da wat 75 da gurbin madabod, wato babban allon cikin akwati, ke bayarwa: GTX 1650 mai 4GB, GTX 1050 Ti mai 4GB, ko RTX 3050 mai 6GB. Ka juya katin ka duba gefensa da idonka, domin akwai GTX 1650 da ke da ramin ƙarin wuta, RTX 3050 mai 8GB ma haka. Irin waɗannan ba za su tashi a akwatinka ba. Masu haɗa wayar juyi daga wayar wutar faifai, SATA, zuwa kati suna wasa da gobara ne, kada ka yarda a yi maka.

Kuma kati shi ne na ƙarshe a jerin sayayyarka. Farashin kayan nan dala yake bi, na yau daban na gobe daban, don haka abin riƙewa shi ne wanne ke gaban wanne. Akwati tukuna. Sai RAM ta kai 16GB, sanda biyu masu 8GB iri ɗaya, ba sanda ɗaya mai 16 ba, domin biyu suna buɗe hanya biyu ta shiga da fita, hoton cikin Intel kuma daga wannan RAM yake ci. DDR4 mai gudun 2666 ita ce tasu. Adobe da kanta 16GB ta ba da shawara ga 1080p, 32GB ga 4K, shi ya sa na ambaci samfuran da doguwarsu ke da gurbi huɗu: bayan biki biyu ko uku sai ka ƙara sanda biyu ba tare da ka jefar da na farko ba. Sai SSD irin NVMe, 'yar siririya kamar cingam da ake kwantarwa a madabod, 1TB in ka iya, 500GB in ya gagara. Wannan sabuwa za ka saya a kwalinta, ko da komai na hannu ne. Tana kai 3,000MB a daƙiƙa ko fi, SSD ta SATA tana tsayawa wajen 550, HDD ta tebur 150 zuwa 200. Sai monita, sai UPS, sai HDD mai 2TB ta ajiya. In kuɗi ya rage, kati. In bai rage ba, fara aiki haka nan: 1080p na Canon zai tafi lafiya a Premiere ko CapCut da hoton ciki kawai. DaVinci Resolve ce ba ta yarda da haka, ita da katin hoto take numfashi, ƙasa da 4GB wahala ce.

Monita nake so in tsaya a kai, don nan ne masu sana'arku suka fi yin tuya su manta da albasa. Ka san yadda ake fama da ankon biki. Ƙawayen amarya sun ɗinka leshi ruwan albasa, ka tace a allon da ke wanke launi, ka ga kamar ya koɗe, ka ƙara masa kala. Da aka buɗe a wayar amarya sai ga shi ya koma ja kamar manja, fuskar amarya ta yi ruwan lemo, lallen hannunta ya dunƙule ba a ganin zane. Ba kyamara ce ta yi laifi ba, allo ne ya yi maka ƙarya. Abin nema shi ne monita mai inci 24, 1920 da 1080, irin IPS, wadda launinta ba ya juyewa in an kalla daga gefe, mai rufe kusan dukkan launukan ma'aunin sRGB. Dell masu harafin P ko U a farkon lamba, da HP EliteDisplay, suna yawa a na hannu, amma ka bincika lambar a intanet ka tabbatar IPS ce. Gwajin tsaye kuma mai sauƙi ne: buɗe hoton fuska, ka rusuna ka kalle shi daga ƙasa, ka koma gefe. In launi ya juye ko ya yi duhu, TN ce, bar ta. Ka cika allon da fari zalla, sannan baƙi zalla, ka nemi ɗigo, layi ko inuwar rawaya a gefuna. Kada ka tace launi a talabijin, an gina ta ne don ta ƙawata hoto. Kuma ka rage hasken monita zuwa wajen rabi ko ƙasa, ka kauce wa hasken ƙofa, in ba haka ba hotunan da za ka kai a wanke za su riƙa fitowa da duhu. Wani ɗan abu da ke mayar da mutum kasuwa: yawancin akwatunan nan bakin DisplayPort gare su, ba HDMI ba. Duba bayan akwati da bayan monita, ka sayi wayar da ta dace tun a wurin.

Ranar da ka saka kati, wayar monita a jikin katin za ta koma, ba a tsohon bakin madabod ba. Sannan ka buɗe Task Manager na Windows ka ga ko yana nuna GPU guda biyu, wato kati da hoton ciki. In ɗaya ya nuna, akwatin ya kashe hoton ciki, sai a shiga BIOS, saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a kunna shi don Quick Sync ya ci gaba da aiki.

Yanzu ranar ciniki. Ko a Birnin Kebbi ka samu, ko Sakkwato, ko ka tafi Kano titin Beirut, ba a cinikin biri a sama. Tafi da filash mai ɗauke da CPU-Z, GPU-Z, CrystalDiskInfo da HWiNFO, dukkansu kyauta ne, da kuma bidiyo biyu naka na kanka, na Canon da na Sony, kowanne minti goma. Kada ka dogara da sunan firosesa da Windows ke nunawa, ana iya sauya wannan rubutun cikin minti ɗaya. CPU-Z daga jikin firosesar take karantowa: suna, yawan kawuna, girman RAM, sanda nawa. In Dell ce, akwai lambar shaida a jikin akwati da za ka saka a shafin kamfanin ya nuna maka kayan da ta fito da su. CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyar faifai da yawan awannin da ya yi a kunne. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi ne, kuma faifan da ya nuna rawaya ko kyauta aka ba ka kada ka zuba masa bikin mutane. GPU-Z kuma tana tona asirin katunan jabu. Akwai tsofaffin katuna irin GTS 450 da ake sauya wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti, manhajar kan rubuta FAKE a gaban sunan. GTX 1050 Ti mai bakin VGA shuɗi a jiki, ko mai arahar da ta wuce hankali, abin gudu ne.

Daga nan sai gwajin zafi. Buɗe HWiNFO a gefe, ka sa kwamfutar ta fitar da bidiyonka na 4K, ka bar ta aƙalla minti ashirin tana aiki. Firosesar da ke zaune tsakanin digiri 70 da 85 ba ta da matsala. In ta haura 90 ta zauna, ko ta taɓa 100, za ta riƙa rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma shagon da ka gwada ta bai kai naka zafi ba. Sau da yawa maganin ba tsada: a cire fanka, a goge busasshen man da ke kan firosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa. Amma in ta mutu ko ta sake tashi da kanta a tsakiyar gwaji, ciniki ya ƙare. Ka gwada kowane bakin USB, ka shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri. Duba bayan fawafak kuma: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, ya kasance a 230 kafin a jona, domin kayan Amurka kan zo a 115, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa. A rasit a rubuta lambar akwati, lambar kati da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa. In daga Legas za a sako maka a mota, sai da amintaccen mutum da zai yi waɗannan gwaje-gwajen a madadinka, kuma a cire kati da HDD a naɗe su daban saboda girgizar hanya.

UPS ba don ka ci gaba da aiki ba ne. Mai 650VA batir ɗinsa ɗan 12V ne mai 7Ah, 'yan mintuna zai riƙe ka, iyakar ka adana aiki ka kashe, ko ka ketare tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da inji. Wannan ɗan lokacin ne ke ceton fayil da faifai. Ka tambayi wanda ya haɗa maka inbata ko mai tsabtatacciyar wuta ce irin ta NEPA, domin masu arahar nan da ke sa fanka gurnani wasu fawafak ba sa jituwa da su, sai kwamfuta ta riƙa ƙara ko mutuwa. Ƙaramin janareta kuma wutarsa hawa da sauka take, kada ka jona kwamfuta kai tsaye. A tayar da shi ya daidaita tukuna, a bi ta sitabilaiza ko UPS mai daidaita wuta. In damina ta faɗi aka fara tsawa, cire filogi daga bango gaba ɗaya.

Ƙura ita ce ɗayar abokiyar gaba. Kada akwatin ya zauna a ƙasa, ɗora shi a tebur, ka bar masa taƙi guda tsakaninsa da bango. Lokacin hunturu, duk wata ka kashe, ka cire waya, ka buɗe gefe ka hure da bulowa a waje, kana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A rufe da ƙyalle in an tashi, amma ba tana kunne ba.

Za ka ce to laftof fa, tunda ita batir gare ta? In aikinka na buƙatar tacewa a wurin taro, misali a haska hotunan kamu a daren dina, ko ka je Argungu ko Zuru aikin kwanaki, tana da hujja. Amma sai mai harafin H, kamar i7-8750H ko i7-9750H masu kawuna shida, da katin GTX 1650 ko Quadro mai 4GB, irin Dell Precision 7530, HP ZBook 15 G5 ko ThinkPad P52, da allon IPS. Za ta fi tsada a kan ƙarfi ɗaya, ta fi jin zafi, kuma in katinta ya mutu madabod ɗin gaba ɗaya ya tafi. Akwai kuma Mac mini M1 ta 2020, wadda a wajen wuta babu kamarta, duk nauyin aiki ba ta wuce wat 39. Sai dai RAM da ma'ajinta ba sa ƙaruwa, mai 16GB ce abin saye, kuma in tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba ka sayi dutse. Haɗa sabuwa daga tushe, i5-12400 ko Ryzen 5 5600 da RTX 3060 mai 12GB da fawafak nagari mai wat 550, ita ce matakin gaba, ranar da aikin 4K ya zama na kullum kuma batir ya zama biyu. Da dubu 600, ko ka samu akwatin, za ka ƙare babu monita babu UPS.

Tsarin ajiya kuma ka ɗauke shi kamar doka. Windows, manhajoji da bikin da kake kai yanzu a SSD. Wanda aka gama a koma da shi HDD. Kada SSD ta cika maƙil, bar mata kashi ɗaya cikin biyar, kuma ka riƙa share tarkacen da Premiere ko Resolve ke tarawa, yana iya kai gig da yawa ba ka sani ba. Memorin kyamara ba a goge shi sai bikin yana wuri biyu daban, ɗaya a faifan waje da ke kwana a gida, ba a shago ba. Ka sayi abin karanta memori na USB 3, ka jona a baki mai launin shuɗi ko mai alamar SS: 64GB da ke cin wajen rabin awa a USB 2 zai sauka cikin minti goma sha biyu zuwa sha biyar da memori mai gudu. Batun manhajojin da aka fasa da ake zuba wa mutane a shago kuwa, ta nan ƙwayoyin cutar da ke kulle fayiloli da masu satar asusu suka fi shigowa, kuma abin da za su kulle hotunan matan mutane ne. DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai fitar da har 4K, Canon ma tana ba masu kyamararta Digital Photo Professional kyauta don gyaran RAW.

Saura bikin da ke wuyanka, kuma wannan ba zai jira sabuwar kwamfuta ba. Yau da dare ka sa tsohuwar laftof ta yi maka furoksi, wato ƙananan kwafin bidiyon masu sauƙin ja. A Premiere, zaɓi fayilolin duka, danna dama, ka zaɓi yin furoksi a ƙaramin girma irin 720p, ka ɗaga bayan laftof ɗin a kan wani abu don iska ta shiga, ka bar ta ta kwana tana yi. Da safe ka kunna maɓallin furoksi ka yi yanka a kansu, ka rage ingancin kallo zuwa kwata. Wajen fitarwa manhajar za ta koma kan na asali da kanta, ingancin aikin ba zai ragu ba. In dangin amarya sun turo maka guntayen da suka ɗauka da waya, ka bi da su ta manhajar HandBrake tukuna ka mayar da su firem tsayayye, 25 ko 50 daidai da aikinka, domin waya tana sauya yawan firem tana cikin ɗauka, shi ne ke sa baki da murya su rabu a tsakiyar bidiyo. Gyaran launi da rage hayaniyar hoto ka bar su ƙarshe, su ne masu nauyi.

Ita kuma uwar amarya, kada ka tura saƙo. Je ka da kanka ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri ba tare da dogon bayanin kwamfuta ba, ka riƙe mata hotuna talatin da ka gyara da ɗan bidiyo na minti uku a waya, sannan ka yanka ranar da ka tabbata za ka cika, ka ƙara kwana biyu a kan lissafinka kafin ka furta. Yayanka kuma ka nuna masa jerin kayan a rubuce kafin ka tafi kasuwa, in da hali ku je tare. Zai ga tsohon akwatin ofis maimakon laftof mai sheƙi, gara ya ji dalili daga bakinka tun a gida.